Kujerar Mai Zaman Banza

An sallame asuba a Mabera,
ɗari ya kama ƙarfe har yana cizon yatsa.
Na murɗa makulli, Fijo ta yi tari biyu ta yi shiru.
Baba ya ce, "Ƙyale ta, Kulu,
ba a tashin tsohuwa da tsawa."
Na ƙirga goma na sake murɗawa,
ta amsa da gunaguni.

Muka bar ta ta sha ɗumi.
Ya zagaya ta da tafin hannu, tunda ido ya ƙi:
ya ƙwanƙwasa taya huɗu, ta biyar a but,
ya murza baƙin mai tsakanin yatsu ya sansana,
ya ce in duba ruwan lagireto tun bai yi zafi ba.
Shekara talatin da ɗaya yana jigilar Sakkwato zuwa Kaduna,
Haliru Mai Fijo, wanda bai taɓa taka ko kaza ba.
Yau yana ta rufe masa ido biyu,
ni zan kai shi a kankare.

Numfashinmu ya lulluɓe gilashi ta ciki.
Na kai gefen mayafi zan goge,
ya riƙe mini hannu:
"Sauke taga kaɗan, iska ta yi aikinta.
Sanyi bai kashe direba, rashin gani ka kashe shi."
Ya yi shiru. Ni ma na yi.

Ɗamara ta ce ƙyas a ƙirjina, na ja tasa na ɗaura.
Kuloci ƙasa, giya ɗaya, birkin hannu ya kwanta.
Muka fita, masu shayi suna hura wuta,
'yan kabu-kabu sun naɗe kai, sun sa safa a hannu.

Kafin Shuni ya ce, "Tana kuka, ba ta huɗu."
Da kunne yake tuƙi yanzu.
Ƙafarsa ta dama tana neman birki a daɓen da babu birki,
ina ganinta ta wutsiyar ido.

Tirelar albasa ta sha gabanmu a Dange,
tana tafiyar hawainiya, warinta ya cika mana hanci.
Na leƙa, na kunna sigina, zuciya ta ce wuce.
"Mi kika gani gabanta?"
Na ce kwana.
"To, wanda ke bayan kwana ya yi miki alkawari?"
Na kashe sigina, na bi ta a baya har hanya ta miƙe,
har na ga kwalta fayau babu kowa,
sannan na sauko uku, na taka totur,
ban koma hannuna ba sai da na gan ta a madubi.

Wani mai bas ya watso mana cikakkiyar fitila,
na rage tawa, na kafa ido a bakin titi.
Jaki ya tsaya tsakiyar hanya yana jin ɗumin kwalta,
na taɓa birki sannu, na sake taɓawa,
kamar mai tashin jariri.

A Lambar Tureta ya ce mu tsaya.
Na ce ban gaji ba.
"Gyangyaɗi bai sallama, ɗiyata."
Muka sha shayi mai citta, na wanke fuska, na taka ƙasa,
rana ta fito ja, ba ta da zafi tukuna.

Inna ta sha faɗa mini:
tunda ta san shi bai taɓa runtsawa a motar da wani ke ja ba,
ko ta ɗan'uwansa.

Mun bar Tureta da kamar mil shida
na ji ƙafarsa ta daina neman birki.
Na waiga kaɗan.
Hula ta karkace, carbi ya zame kan cinya,
yana minshari ƙasa-ƙasa.

Na rage rediyo,
na riƙe sitiyari da hannu biyu,
na kauce wa rami.