Wutar da ke Jiran Ruwa

Shida saura, Rayfield na rawar ɗari,
ruwan daren jiya ya bar ƙanƙara gindin katanga.
Madam Kachollom ta tare ni, hannu cikin suwaita:
"Sallau, baƙina na son iyo ƙarfe tara,
kwamin nan kuwa ya fi randar kaka sanyi."

Na durƙusa gaban injin kamar mai gaida suruki.
Na danna.
Ko ƙyas bai ce mini ba.

Davou, yaron aikina, ya ce, "Oga, gas ya ƙare."
Shi kullum gas ne, ko fanka aka kawo gyara.
Na ce ɗaga tukunyar mu gani.
Ya yi nishi, ya sake ta, ya sosa ƙeya.

Muka bi tiyo gaɓa-gaɓa da ruwan sabulu,
babu inda kumfa ta taso.
Bawul a buɗe. Fis lafiya lau.
Na sa hanci, ban ji warin komai ba
sai na kulorin, da ƙwai da ake soyawa a kicin.

Sannan maganar maigidana ta faɗo mini,
tsohon da ya koya mini riƙon sifana a Dilimi:
injin nan ba ya ba da wuta
sai ya ji ruwa na gudu a cikinsa.
In ruwa ya tsaya, shi ma ya kame baki,
don kada ya dafa hanjinsa.

Muka buɗe matata.
Ganyen turare, hular wanka ta yaro,
ɗan kunne guda, gashin wani Bature,
duk sun dunƙule sun shaƙe mata wuya.
Davou ya kwashe yana tsaki, yatsunsa sun yi fari.
Famfo ya yi gyaran murya, ruwa ya motsa.

Na danna.
Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.
Tartsatsi na sallama, ba mai amsawa.

Madam ta leƙo, ta dubi agogo, ta dube ni.
Ban ɗago ba.
Gaggawa da gas ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Na rufe bawul, na jira iska ta share wurin,
na kwance murhun, na haska tocila
cikin ramin da bai kai idon allura biyu ba.
Ga ta nan, fara fat:
saƙar gizo.
Wata uwa ta samu ɗaki babu haya,
ta ja labule, ta ajiye ƙwanta,
ta tsayar da otal mai ɗaki arba'in.

Da siririyar waya na tashe ta.
Na ce ki yafe, ni ma aiko ni aka yi.

Na ɗaure, na buɗe, na danna.
Ƙyas. Ƙyas.
Bup!
Shuɗayen harsuna suka jeru kamar haƙoran matsefi.

Kafin tara tururi na tashi a fuskar ruwa.
Davou ya ce, "Oga, shekara nawa kana ɗumama shi,
ban taɓa ganin ka shiga ba."

Ban gaya masa bayan tudun can akwai tafkin kuza ba,
kore shar, ba ya gudu, ba ya ɗumi,
ko cewa yayana Hashimu ya tuɓe riga a bakinsa
wata Asabar, ina da shekara bakwai,
ya ce riƙe mini, yanzu zan fito.

Na naɗe hannun riga, na tsoma zuwa wuyan hannu,
iyakata ke nan.
Na ce, "Ya yi. Tattara sukundireba,
akwai firij na jiranmu a Bukuru."