Gurbin Diddige

Da Kwara ta ja da baya a Yawuri
muka mirgina jirgin bisa gungumen giginya,
mu bakwai, kowa na nishi,
ya kife a tudu kamar sa ya gaji da huɗa,
cikinsa duk gansakuka da 'ya'yan katantanwa.

Kwana huɗu na bar shi yana shan rana.
Kawu Labbo ya ce katako da kunya yake:
ka shafa masa mai da sanyin ruwa a jikinsa,
zai karɓa, ba zai ce maka komai ba,
sai tsakiyar damina ka ji warin ruɓewa.

Na fara da tsohon lauje.
Kwaltar bara ta zubo kamar ƙanzo,
ƙarƙashinta furfura,
ƙarƙashin furfurar jan maɗaci
yana nan da ransa, bai san da tsufa ba,
ɗacinsa har cikin maƙogwaro yake kaiwa.

Falanki ɗaya ne baƙo a cikinsu.
Tik ne, in ji mahaifina,
ya saye shi a Wara, ragowar wani jirgin fito.
In ka kankare shi sai ya yi launin zuma,
ya yi ƙanshin tsohuwar jakar fata.
Gara ta ɗanɗana, ta hakura, ta yi wucewa.

Sanfefa ta ƙare kafin azahar.
Na aiki Nomau ya tsinko ganyen ɓaure mai kaushi.
Bi jijiya, na ce masa, kada ka gitta,
itace ba ya manta wanda ya yi masa tsaga.
Ya ce, Baba, a sayar mana,
a sayi na roba mai inji,
wanda ba ya son mai, ba ya son lallashi.
Ban amsa ba. Na miƙa masa ganye,
na nuna masa gefen da ke jiran gogewa.

Sai ƙwanƙwasa.
Inda ya ce ƙwas, lafiya.
Inda ya ce bus, nan ake zama.
Na murza kaɗa, na tsoma a man kaɗe,
na bi da ita tsaga tsaga da bakin guduma,
ƙusa goma sha ɗaya na cire, tsatsa ta cinye,
biyu sun karye a ciki, sai hakurin tonowa.

Can inuwa Tumba na ɗinkin buhunan shinkafa,
su ne za su kama mana iska in an ɗaga gora.
Tana ƙirga faci, tana mita,
wai jirgin nan ya fi ta samun kulawa.

Da muka birkice shi washegari
na ga Nomau ya durƙusa a baya da gizago.
Ga wani kwari nan, ya ce, ruwa na kwanciya ciki,
bari in daidaita.
Na riƙe hannunsa tun bai sauke ba.
Wannan ba kwari ba ne.
Shekara arba'in kakanka na tsaye nan yana tokara,
diddigensa ne ya ci katakon
ba tare da ya sani ba, ba tare da niyyar sassaƙawa.

Na sa ƙafata, gurbin ya fi ni.
Ya sa tasa yana dariya,
sai dariyar ta tsaya.
Ya ajiye gizago, ya ɗauko tsumma,
wurin nan shi ya yi masa mai, ba da gaggawa.

Shafi uku, kowane da kwana tsakani.
Na farko katako ya shanye kamar mai azumi,
na biyu ya yi jinkiri,
na uku ya bar shi a fuska, ya ce ya ƙoshi.

Ranar Laraba muka mayar da shi.
Daren farko dole ya yi yoyo
kafin katako ya kumbura ya rufe bakinsa.
Na ɗauko ƙwarya zan kwana a ciki,
na tarar an riga ni,
ina jin ƙarar kwarfa daga bakin gaɓa
da tari irin na Nomau a kan ruwa.