Mai Sassaƙa Dutse a Gyumri

Tun ban fara aske gemu ba nake sassaƙa dutse,
baƙin dutsen garinmu da jansa,
ina fitar da gicciye da ganyen inabi
don kaburburan 'ya'yan wasu.
Na Hrachya ne kaɗai ban sassaƙa ba.
Yana aji uku ranar da ƙasa ta motsa,
makarantar ta durƙusa a kansu.
Da farce na tono shi.

Daga ranar muka daina magana, ni da Allah.
Ba zagi, ba gardama,
gaba ce irin ta maƙwabta masu katanga ɗaya.
In yi masa gicciye, a biya ni, kowa ya kama gabansa.

Araksi ce ta ja ni, ba da son raina ba.
Ta ce ɗakin Shushanik akwai murhu,
namu kuwa sanyi ya fi mu zama a cikinsa.
Daren Laraba, mutum bakwai,
gurasa, cuku mai gishiri, shayi,
dusar ƙanƙara ta toshe rabin taga.
Tsoho Gurgen ke karatun Nassi,
gilashinsa ɗaure da zare,
yatsansa na bin layi kamar makaho a bakin rami.

Ya kai inda mutane suka karya alkawari,
suka sake karyawa,
Mai alkawarin kuma ya dawo da sabo,
wai wannan karon ba a kan allon dutse ba,
a cikin ƙirji zai rubuta.

Dariya ta kuɓuce mini.
Na ce, ku tambaye ni rubutu, sana'ata ce.
Ba harafin da ke zama sai dutse ya yi asara,
kowane baƙi rauni ne.
Ku kuma faɗa mini,
ranar da makaranta ta faɗi,
wa ya riƙe nasa gefen alkawarin?

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ice a wuta.
Shushanik, wadda ta binne mata biyu a rami ɗaya,
ta ƙara mini shayi ban roƙa ba.
Ta ce, Vardges, ni ma na tambaya.
Bai ba ni amsa ba har yau.
Amma bai tashi ya bar mini ɗakin ba.

Na koma gida da fushi.
Laraba ta zagayo, na ce don murhu zan je.
Wata Larabar ma don murhu.

Da ma tsawa ce ta faɗo, da na sami abin ba da labari.
Ba haka aka yi ba.
Kakana ya nuna mini yadda ake tsaga babban dutse
ba tare da guduma ba:
a sami 'yar kafa, a cusa busasshen ice,
a zuba ruwa, a tafi a yi barci.
Gobe a ƙara. Jibi a ƙara.
Icen ya sha, ya kumbura a hankali,
wata safiya sai ka ji ɗas,
abin da ƙarfe ya kasa, ruwa ya yi.

Haka Gurgen ya yi ta zuba mini, bai ma sani ba,
yana tuntuɓe a kan dogayen sunaye,
Araksi na gyangyaɗi a kafaɗata.

Da ƙanƙara ta narke, tuffar bayan shago ta yi fure,
na yaye buhun da ke kan jan dutsen nan
da na ajiye shekara talatin da 'yan kai.
Na share shi da hannun riga.
Na ɗora kurfi inda harafin farko zai zauna.
Hannuna na rawa kamar na ɗan koyo.

Ba addu'a na yi ba, na manta yadda ake farawa.
Cewa kawai na yi, yadda ake ce wa abokin aiki:
Riƙe mini wancan gefen.

Dutsen bai motsa ba.
Na buga.