Ajiya a Gajimare

Ruwan Agusta ne ya ci littafin Baffa.
Ya shigo Kantin Kwari da tsakar dare, ba sallama,
ya haye dilolin atamfa, ya hau kanta,
ya lashe tawadar shekara goma sha tara.
Da safe muka shanya shafuka a bayan mota,
sunaye sun narke, sun yi shuɗi kamar ruwan karofi.
Wa ya biya? Wa ya saura?
Takarda ta yi gum.

Na ce, Baffa, bari in gina maka rumbu
inda ruwa ba ya kaiwa, gara ba ta san hanya ba.
Ya ce, a ina?
Na ce, a gajimare.
Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe.
"Rumasa'u, wanda ya yi mini ɓarnar
shi za ki ba ajiya?"

Wata biyu ina kwana zaune a Gwammaja.
In an ɗauke wuta, daga ni sai hasken allo da sauro,
data tana zurarewa kamar ruwa a kwando.
Na ja layi, na yanka gida-gida:
nan suna, nan lambar waya,
nan yadi nawa, nan abin da ya rage.
Waƙafi ɗaya da na manta a layi na ɗari uku
ya riƙe ni har kiran assalatu.
Injin da ke ɗauke da amanar tamu
ban taɓa ganin ƙeyarsa ba.
Yana wata ƙasa, a ɗaki mai sanyi,
haya nake biya kamar ta rumfa,
sai dai shi da sa'a ake auna mini.

Ran da manhaja ta tashi
yaran shago suka yi dafifi a kan waya ɗaya.
Ɗayyabu ya danna, shadda ta ragu a Kwari,
nan take ta ragu a hannun Baffa.
Ya ce, ikon Allah.
Ya ce a sake dannawa.

Sai wata Juma'a.
Manhaja, yadda na hore ta, ta aika tuni ga masu bashi.
Saƙo ya sauka a wayar Ɗan'azumi tela
wanda aka kai makwancinsa tun Laraba.
'Yarsa ta zo bayan la'asar
da kuɗi ƙulle a bakin mayafi,
ko rabi ba su kai ba.
Baffa ya naɗe mata hannu a kan abinta.
Bai dube ni ba sai da ta sha kwana.

"Goge shi."
Na ce, ko na goge, akwai kwafi a wuri uku,
ni na tsara haka, don kada kome ya ɓata.
Ya yi shiru yana murza carbi.
"Kin ɗauka ruwa ne ya ci littafin nan duka?
Akwai shafukan da ni na yage."

A daren na buɗe rumbun na ƙara gida ɗaya.
Babu shi a tsarin da aka koya mini,
don haka na raɗa masa suna da bakinmu: yafiya.
Ɗan madanni ne, kore, can ƙasa,
in an taɓa shi, tuni ya daina fita,
lissafi ya rufe bakinsa.

Yau hadari ya haɗo ta bayan Goron Dutse,
'yan dako suna gudu da leda a ka.
Baffa yana kusurwa, ya juya wa yara baya,
babban yatsansa yana laluben allo.
Yana zaton ba mai gani.
Ni ina gani daga nan, adadin ya motsa:
jiya goma sha ɗaya,
yanzu sha biyu.
Na rufe kwamfutar, na tashi kwashe shanya.