Shafi Mai Gida Uku

An rufe Valparaíso.
Keken hawan tudu ya tsaya cak a tsakiyar hanya,
jiragen ruwa sun yi jugum a tasha.
Kowa na tsoron numfashin maƙwabcinsa.
Ni kuwa, Rayén, tsorona yana kan faranti:
rabin burodi, an shafa masa fiya.

Ranar Talata, ƙarfe huɗu,
Likita Ivonne takan bayyana a allon kwamfuta,
fuskarta ba ta wuce tafin hannu ba,
a bayanta shanyar safa da kyanwa mai ido ɗaya.
Ba ta ce mini "ci" ba.
Wannan kalma bakuna sun gaji da ita a gidanmu.
Cewa ta yi, "Samo littafi. Ja layi biyu, shafi ya zama gida uku.
Gidan farko, abin da muryar ta ce.
Na biyu, shaidarta.
Na uku, abin da kika gani da idonki."

Muryar ta ce: loma ɗaya,
ki kumbura kamar mushen kifi a bakin teku.
Na zo gidan shaida, na tsaya.
Na daɗe ina tauna murfin biro,
shi kaɗai na tauna a wunin nan.
Gidan ya kwana wayam.

Babana Eleuterio, masuncin da aka hana shiga ruwa,
ya lulluɓe madubin zaure da tsohuwar koma.
Sikeli ya kulle shi a akwatin ƙugiyoyi,
ba ya fitowa sai Talata,
sau ɗaya, a gaban likita, kamar fursunan da aka kai kotu.
Agogo na bugawa sau biyar a rana.
Ba yunwa ke kirana ba, ta daɗe da yin fushi ta bar ni.
Ƙararrawa ce. In zauna. In ɗauki cokali.
Baba ya zauna daura da ni yana ɗinkin ragar da ba ta yage ba.

Wata rana tana cikin magana, "Rayén, ke ba..."
sai layi ya ɗauke.
Fuskarta ta daskare, baki a buɗe.
Muryar ta yi wuf ta ƙarasa mata: ke ba komai ba ce.
Na rubuta shi a gidan farko, hannuna na karkarwa.
Da layi ya dawo ta ce, "...ki kunna fitila ba, ba na ganinki."
Na yi dariya har cikina ya ƙulle.
Wannan ya shiga gida na uku.

Mako na tara aka fita da Doña Clorinda ta ƙasan bene,
mutum huɗu cikin fararen kaya, ba mai rakiya.
Kwana uku ina zuba abincina a aljihun riga,
ina watsa wa tsuntsayen teku ta taga.
Sun yi ƙiba, sun saba da ni.
Ranar Talata na faɗa, ina jiran faɗa.
Ta ce, "To. Me ta ce miki a daren?"
Muka koma gidan farko.
Ashe ba a gama wannan gini,
kullum sai an sake ɗora tubali.

Muryar ba ta mutu ba, kada in yi muku ƙarya.
Tana nan, ta dai rage isa,
kamar rediyon maƙwabta ta bayan bango.
Yau ta ce miyar kifin nan za ta kashe ni.
Na rubuta. Na sa kwanan wata.
A waje motar asibiti ta wuce da jiniya.
Baba ya ajiye allura yana kallon taga, wai ba ni yake kallo ba.
Miyar ta yi gishiri.
Na rubuta wannan ma, a gida na uku,
na sake kai cokali.