Iska a Cikin Bututu

La'asar sakaliya a Gadarif,
akori-kurar Yaya Tukur ta ƙi karɓar giya,
buhun riɗi ashirin a gadon bayanta.
Da turi aka kawo ta ƙofata.

Shekara huɗu bai tako garejin nan ba,
tun ranar da muka kasa sifanonin Baba
a kan tabarma, kamar naman watanda.

"Kuloci ne," ya ce, idonsa na kan taya.

Na ɗora ƙafa, feda ta nutse,
ta kwanta ƙasa ta ƙi tashi,
sai ka ce an taka ruɓaɓɓiyar kankana.
Na buɗe murfi, man ya ƙafe,
ɗan guntun da ya rage a gindi
ya fi gahawar Batula baƙi.

Na shiga ƙarƙashi da bayana.
Ƙaramar silinda na zubar da hawaye,
robarta ta tsufa, leɓe ya tsage.
Sauya roba ba aiki ba ne,
zuba sabon mai ma haka.
Amma iska ta riga ta shige bututu,
ita kuwa iska,
mutum ɗaya ba ya korar ta.

Yaron shago ya tafi sayo burodi.
Na lalubi akwati, babu lamba takwas.
Na tuna kason da ta faɗa.

Ban ce komai ba.
Sai ga hannu ya leƙo ƙarƙashin mota,
riƙe da ita, a naɗe cikin tsumma,
har yanzu da jan fentin da Baba ya ɗiga mata.

"Hau," na ce. Ya hau.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"
Na sassauta noti, ta yi tsaki,
kumfa ya gangara cikin kwalba.
Na ɗaure. "Saki."

"Taka. Riƙe."
"Na riƙe."
Kalma biyu ke nan, na ƙirga.

Sau tara muka yi,
shi a sama, ni a ƙasa,
ƙarfe a tsakaninmu,
har mai ya fito garau, babu ko ƙwayar kumfa.

"Ta yi tauri," ya ce.
Giya ta ɗaya ta shiga ba gardama.

Ya miƙo kuɗi, na nuna masa hannuna,
duk baƙin mai, ina zan sa su?

Ana kiran magariba ya ja mota.
Sifanar tana aljihuna.
Ya gan ta.
Bai tambaya ba.