Harufa Uku a Gangaren Borsha

Ranar Talata suka kunnu,
harufa uku, ruwan ɗorawa, cikin da'ira,
daidai kwanar da ke gangarawa Borsha.
Na taka birki, ya kama.
Na sake takawa, ya kama.
To ke fitila, tsegumin wa kike yi?

Motar ta girmi ɗana Matei da shekara biyu.
Ta mahaifina ce.
Har yau kujerar na riƙe da shatin bayansa.

Nelu maƙwabcina ya ce in liƙe ta da baƙin salatif,
wai abin da ido bai gani ba
ba ya hana barci.
Wani yaro a garejin birni ya jona na'urarsa,
ko sunkuyawa bai yi ba,
ya ce famfon ne ya mutu,
ya rubuta mini kuɗin da ya fi motar.

Sai na kai ta wurin tsoho Gavrila,
can bayan injin tsaga katako,
inda kare ke kwana cikin tsohuwar taya.
Ya ce, "Birkinki na nan, Ilinka,
wayonsa ne ya tafi.
A busasshiyar kwalta ba za ki sani ba.
Ranar ƙanƙara ce taya za ta ƙage,
sitiyari ya zama ado a hannunki."

Daga mai araha ya fara.
Ya zaro fiyus, ya ɗaga shi ga hasken taga: lafiya.
Batir da ƙarfinsa.
Man birki bai sauka daga zanensa ba.
Ya yi tsaki, ba na fushi ba,
ya jawo jak da ƙafa.

"Kowace taya da kunnenta," in ji shi,
"yana ƙirga haƙoran wani zobe
yana kai rahoto.
In ɗaya ya yi ƙarya, duka ake sallama."

Ya maƙala mitarsa mai allura,
ya ce in juya taya da hannu.
Ta baya ta yi magana.
'Yar'uwarta ma.
Ta gaba a dama, allura na rawa sumul.
Ta hagu fa:
rawa, rawa, tuntuɓe,
rawa, rawa, tuntuɓe,
kamar mai in'ina ya zo kan sunansa.

Ya kwance ta. Ya sa burushin ƙarfe.
Tsatsa ta zubo kamar garin barkono.
Ya kama yatsana ya bi da shi kan haƙoran
har farcena ya faɗa tsaga.
Zoben ya fashe.
Gishirin da ake watsa wa hanya duk hunturu
don kada mu zame,
shi ya shiga ƙarƙashi shekara ashirin,
ya kumbura ƙarfe, ya raba shi.
Na tsaya ina kallon tsagar
fiye da yadda ya kamata.

Sabon zobe ya ɗora kan murhunsa,
gefen butar shayi,
da ya yi zafi ya zura shi da ƴan bugu huɗu.
Kuɗin bai kai na curin cuku biyu ba.

Muka fita, yana gefena, hannu baƙi a gwiwa.
Kafin mu wuce gadar katako
fitilar ta ɗauke, ba ko sallama.
A filin da ruwa ya daskare ya ce, "Taka. Da ƙarfi."
Na taka.
Birki ya yi ta bugun tafin ƙafata
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki,
motar ta tsaya, hancinta a miƙe.

Gobe da asuba zan gangara da jakata,
tsohuwa Floarea na jiran allurarta.
Nelu kuwa, na leƙa tasa motar da yamma:
salatif uku na ƙirga.